Kwalabe Shida na Ruwan Tafki

Zuwa ga Autar Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin nan naki da ba ya ƙarewa. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan da ta mai da ni tsohuwa ƙarfi da yaji. Maigidan, Babanku Mai Koma, yana gaishe ki.

Wallahi da direban motar kifi ya miƙo mini takardarki, sai da na zauna a bakin ƙofa na sauke ajiyar zuciya. Wata huɗu, Auta, ba ko layi ɗaya! Kin kuma san wayar garin nan, sai mutum ya hau tudu yana ɗaga hannu kamar mai tsai da tasi. To, tunda kina raye, na yafe.

Maganar da na faɗa miki tana nan, ta ma ƙaru. Kifi ya ja baya. Babanku da ke cika kwalekwale kafin hantsi, yanzu sai ya wuni ya dawo da abin da bai cika roba ba. Makon jiya mutanen hukumar muhalli suka zo da wata na'ura mai ƙaf-ƙaf-ƙaf, suka zagaya tsibin ƙasar nan da masu haƙar ma'adinai suka tafi suka bar mana a kan tudu, sama da tafki. Wai ƙasar tana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, ruwan sama kuma yana wanko ta zuwa cikin tafki. Daga nan suka leƙa magudanar masu lambu, inda maganin feshi ke gangarowa, suka yi ta rubutu. Babbansu ya ce za su jira sakamakon ɗakin gwajinku. In ruwan ya lalace, za a hana kamun kifi a tafkin gaba ɗaya.

Gida sama da ɗari ke ci daga ruwan nan. Babanku kuwa shekararsa arba'in a kai, kuma bai iya komai ba sai shi. Ko ƙusa kika ba shi ya buga, yatsansa zai buga.

Amma da na ji aikin a hannunki ya faɗa, sai hankalina ya kwanta. Ga kwalabe shida nan a cikin kula da ƙanƙara, daga wurare shidan da kika zana mana. Shi ya ɗebo a bokitai, ni na zuba a kwalabe na manna lamba. Kada ki ji komai game da su. Shekara talatin na yi ina wanke kayan asibiti, ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Ki riƙa cin abinci, na ga hotonki duk kin zama wuya da tabarau.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba Mai Koma. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, kuma ina cin abinci, hoton ne ya yi mini sharri.

Gwaggo, na yi kwana biyu ina juya yadda zan rubuta wannan. Bari in fara da abin da muke dubawa, don ki karanta wa Baba ya bi ni.

A cikin ruwan tafki akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai, su ne ke sa ruwa ya yi kore-kore. Akwai kuma wasu 'yan halittu da ba su wuce kan allura ba, muna ce musu ƙumar ruwa saboda yadda suke tsalle. Ƙumar ruwa na cin tsirran, 'ya'yan kifi na cin ƙumar, manyan kifi na cin ƙanana, ku kuma kuna cin manyan. In ƙuma ta ragu, 'ya'yan kifi yunwa ke kashe su tun ba su kai tsawon yatsa ba, sai bayan shekara masunci ya ga komarsa ta fito fayau.

Tururin nan na ƙasar ma'adinai, in kaɗan ne, yana yi wa ƙumar rauni a ciki, amma jikinta yakan gyara kansa. Maganin feshi ma, in kaɗan ne, takan jure. Matsalar ita ce in sun haɗu. Jikin yana fama da gubar, ba shi da ƙarfin gyara ɗaya raunin. Kamar majinyacin da zazzaɓi ya kama yana jinyar karaya ne, ke kin fi ni sanin irinsu. Sai ƙwai ya ragu, 'ya'yan su fito ƙanana.

Don haka na sa ran zan ga ƙuma kaɗan. Gwaggo, ban ga ko ɗaya ba. Kwalba shida, na duba a madubin ƙara girma har idona ya yi ja, babu wani abu mai rai. Na ɗebo ƙumar da muke kiwo a nan na zuba goma-goma a cikin ruwanku. Kafin awa ɗaya duk sun kwanta a ƙasan kofi. Farfesarmu ta zo ta gani, ta cire tabarau ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba.

Ƙarshen wata zan miƙa rahoto, kuma ba zan iya rubuta abin da ban gani ba. Ina tsoron za a rufe tafkin. A ruwan nan Baba ya koya mini iyo. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka na fito.

Ki faɗa masa a hankali.

Autarki.

*

Auta,

Na gaishe ki. Lafiyar jiki muna da ita, sauran kuwa sai addu'a.

Da na karanta inda kika ce babu wani abu mai rai a ruwan, wallahi har na fara hamdala. A asibiti in aka ce haka, ai yabo ne. Sai na ɗaga kai na ga fuskar Babanku. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya tashi ya sa takalmi ya nufi bakin ruwa. Shi kaɗai ya jawo kwalekwalen nan kan ciyawa ya kife shi, mutumin da bayansa ke ciwo.

Washegari ya tara masunta a rumfar da suke gyaran koma, ya faɗa musu. Ya ce 'yarsa ce ta duba, kuma 'yarsa ba ta ƙarya. Yawancinsu sun rataye koma. Shi kuma yanzu aikinsa zama a tsakar gida yana kallon bango. In na ajiye abinci ya ci loma biyu ya ture. Jiya na ji yana tambayar maƙwabcinmu ko a birni ana ɗaukar tsofaffi gadi. Babanku, gadi! Mutumin da ɓera ke ratsa ƙafarsa bai farka ba.

Ni dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne, iya ƙoƙarina na yi. Kwalaben nan sai da na jiƙa su kwana guda a ruwan kulorin mai ƙarfi, irin wanda muke jiƙa kayan ɗakin haihuwa, ban ma ɗauraye su sosai ba don kada ƙurar gida ta sake shiga. Ruwan kuma da Babanku ya kawo, ki zo ki ga ƙazanta! Kore shar, ga wasu abubuwa suna ta tsalle-tsalle a ciki. Na ce a'a, ba za a buɗe wannan a gaban abokan aikin 'yata a ce daga gidansu ya fito ba. Na samo farin ƙyalle sabo na ninka huɗu, na tace kowane bokiti sau uku, har ya yi garau kamar na famfo. Duk da wannan wahala a ce ruwan ya faɗi gwaji? To da ban tace ba fa, me za ki gani?

Ki rubuta abin da kika gani, ba mu ce ki yi ƙarya saboda mu ba. Amma raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Ina gaishe ku. Ina fatan lafiya, don shirun ya yi yawa. Yau kwana goma sha tara ban ji daga gare ku ba. Na je inda motar kifi ke sauke kaya har sau uku, aka ce direban bai zo ba. Na buga waya ta ƙi shiga. Wannan ta hannun wani kwandasta na aiko, Allah ya sa ta iso.

In fushi kuke yi da ni, ku yi, amma ku gaya mini Baba yana lafiya. Na gama rahoton, yana kan teburin Farfesa. Ranar Alhamis za ta sa hannu a kai wa hukuma.

Ba na iya cin abinci, wannan karon da gaske.

Auta.

*

Gwaggo! Gwaggo! Gwaggo!

Gaisuwa daga baya, ki yi haƙuri. Lafiyata ƙalau, ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba.

Jiya Laraba direban ya shigo ofishinmu yana sosa ƙeya. Ashe tunda masunta suka rataye koma ba shi da kifin da zai ɗauko, sai ya ajiye mota, takardarki kuma tana aljihun ƙofar motar mako uku. Neman wani lodin ne ya kawo shi gari.

Na buɗe a tsaye. Da na kai wurin farin ƙyalle sai na zauna a ƙasa daɓas. Dariya nake, hawaye na zuba, har mai shara ta kawo mini ruwa tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Gwaggo, abubuwan nan masu tsalle-tsalle da kika tace, su nake nema! Su ne ƙumar ruwan. Koren nan kuma abincinsu ne. Kin tace mini tafkin kin zubar, kin aiko mini da ruwan wanki. Ƙumata kuma da suka mutu a kofi, kulorinki ne ya kashe su, ko ɗigo kaɗan ba sa jurewa. Na koma kan ragowar ruwan na gwada, ga kulorin nan ɓaro-ɓaro.

Ni ma da laifina. Na ji ɗan wari ranar da na buɗe kwalaben, na ɗauka na ma'adinan ne. Na gwada abu goma sha, ban gwada kulorin ba, don wa zai je neman kulorin a tafki? Kuma ban rubuta miki cewa da dattinsa nake so ba. Na manta wa nake aika wa.

Na ruga ofishin Farfesa ba ko sallama, na zare rahoton daga ƙarƙashin hannunta. Na fassara mata takardarki layi-layi. Ta yi dariya har ta sarƙe, sannan ta ɗaure fuska ta ba ni mako biyu, ta ce kuma in sake kawo mata sakamako ban binciki kwalba ba, ni da ita ne.

Kada ku yi murna da yawa tukuna. Ban ce tafkin lafiya yake ba, kifi dai ya ragu, kuma da dalili. Abin da na sani shi ne bai mutu ba, tunda da idonki kika ga suna tsalle.

Ga sababbin kwalabe shida a rufe. Baba ya buɗe su a kan ruwa, ya cika, ya rufe a can. Ya haɗo mini da kifi biyar. Ke kuma, Gwaggo, don girman Allah, ki sa hannuwanki a baya.

Autarki mai ƙaunarki.

*

Auta,

Na gaishe ki. Muna lafiya, sai kunya da ta kusa kashe ni.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Na karanta ta biyun a zuci tukuna, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi niyyar tsallake wurin ƙyallen in na zo karanta wa Babanku, amma na ga in na tsallake babu sauran labari. Na karanta duka.

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Tacewa kika yi?"

Na ce, "Sau uku."

Ya ce, "Ruwan da na shiga tun asuba na ɗebo?"

Na ce, "To da wa ya ce ka kawo shi da datti?"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ta ƙare da tari. Mako uku ban ji muryarsa sosai ba, sai a kan abin kunyata. Ya cinye abincin ranar tas, ya nemi ƙari.

Da yamma ya ce zai je rumfa ya faɗa wa mutane an samu kuskure a gwaji. Na ce wane irin kuskure a gwaji? Su ce 'yata ba ta iya aikinta ba? Na yafa mayafi na bi shi. Na tsaya a gaban maza sun fi arba'in na ce, "Ni ce. Yarinya ta nemi ruwan tafki, na wanke shi na aika mata." Sai wani dattijo daga baya ya ce, "Baiwar Allah, ruwan kika wanke? Da me?" Rumfa ta ɗauka. Amma ba kowa ya yi dariya ba. Akwai mai 'ya'ya bakwai da ya yi mako uku bai jefa koma ba saboda ni. Na bi shi har gida na ba shi haƙuri a gaban matarsa. Ya ce ya wuce, amma bai dube ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu yaran unguwa in sun gan ni sai su ce, "Ga Mai Wankin Ruwa." Ke kika jawo mini.

Ga kwalabenki nan, ban taɓa su ba, ko kallon kirki ban yi musu ba don kada zuciyata ta tashi. A kwalekwalen maƙwabci ya je ya ɗebo. Nasa yana nan a kife. Ya ce ba zai taɓa ruwa ba sai takarda ta zo da hatimi, wai sau ɗaya ake yi masa irin wannan.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da Baba, da fatan kuna lafiya. Ni ƙalau. Ki zauna ki karanta wannan da ƙarfi.

Ba za a rufe tafkin ba.

Kwalba biyar cike suke da rai. Da na sa ɗigo ɗaya a madubi sai na ga kasuwa, kowa na harkarsa. Na kira duk 'yan ofis suka yi layi suna leƙawa. Kifin da Baba ya aiko ma mun gwada namansu, abin da ke ciki bai kai inda ake jin tsoro ba. Ku ci, ku sayar.

Kwalba ta huɗu ce ba ta yi kyau ba, ta lungun nan na arewa inda ruwan tsibin ma'adinai ke haɗuwa da magudanar masu lambu. A can ƙumar 'yan kaɗan ne, kuma ƙanana. Na raba su a kofuna na ƙirga 'ya'yansu: ta tsakiyar tafki tana ba da wajen ashirin, ta lungun da ƙyar take ba da huɗu. Abin lura shi ne, a kwalba ta uku akwai tururin amma ba maganin feshi, a ta biyar akwai maganin ba tururin, kuma duka biyun ƙumar na jurewa. Inda suka haɗu ne kaɗai abin ya ɓaci. Baba ya taɓa gaya mini a lungun nan kifi ya fi zuba ƙwai, saboda ruwan ba zurfi ga ciyayi. Kin ga inda kifinku ya tafi. 'Ya'yan na ƙyanƙyashewa a inda ba abinci.

Hukuma ta amince da abu uku. Za a killace lungun shekara biyu, ba kamun kifi ba wanka. Za a karkatar da magudanar lambu ta daina zuba a can. Za a kuma yi wa tsibin ƙasar shinge a rufe shi. Na ukun zai ɗauki lokaci, kada ku bar su su manta. Kifi ba zai dawo bana ba, sai a hankali.

Ga kwafin takardar da hatiminta, a ba Baba a hannunsa. Duk wata uku zan buƙaci ruwa. Shi zai ɗebo. Ke aikinki manna lamba, don rubutunki ya fi nasa.

Ki gaida mini mai 'ya'ya bakwai, ki ce ni ma ina ba shi haƙuri.

Autarki.

*

Autar Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiya ta gaske wannan karon. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Na karanta masa sau biyu. Ya karɓi takardar hukuma ya shafa hatimin da babban yatsa, ya ninke ya sa a aljihu. Da na zo wurin lungun arewa sai ya sunkuyar da kai, don a nan mahaifinsa ya fara ba shi koma. Ya ce, "Shekara biyu. To, Allah ya kai mu." Daga nan ya fita. Na ji daga baya rumfa ya je, aka karanta wa kowa, aka kuma sa shi cikin masu kafa turakun killace lungun.

Abin da ban gaya miki ba a baya shi ne, duk makonnin nan barcina rabi ne. Tsoro nake kada wata safiya in tashi in tarar ya ɗauki jakarsa ya bi motar birni ba sallama, don na san halinsa, ba ya son a ga fuskarsa in abu ya karya shi.

To jiya da gari ya waye na juya, ba ya nan. Takalminsa ba sa bakin ƙofa. Ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba na fita, na duba tasha, babu shi. Na gangara bakin ruwa ina haki.

Inda kwalekwalen ya yi wata biyu a kife, ciyawar wurin ta yi ruwan ɗorawa, ta kwanta, daidai tsawonsa da faɗinsa. Kwalekwale babu. Na ɗaga ido, sai ga shi can tsakiyar tafki, a tsaye, yana warware koma, ga wasu kwalekwale sun fi goma a warwatse kewaye da shi. Na zauna a kan ciyawar nan na yi kuka mai isata, ba wanda ya gan ni sai awaki.

Da hantsi ya dawo, wandonsa jiƙe sharkaf, yana tafe yana waƙa da muryar nan tasa mai korar kaji. Na leƙa robar. Kifi tara ne, Auta, tara, biyu ma ƙanana.

Na ce, "Yanzu a kan wannan aka yi duk koke-koken nan?"

Ya ce, "Ke dai tashi ki hura wuta."

Na tashi na hura.

Gwaggonki.